Kakan babana "Na-Gwanja" kawai muka sani, ko takardun gunduma za su fito mana da sunansa?

Jikan_NaGwanja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata tambaya ce ta hana ni sukuni. Watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ɗana ɗan aji biyar ya dawo daga makaranta ya ce an sa su rubuto sunayen kakanninsu hawa biyar. Na ba shi nawa, na ba shi na babana, na ba shi na kakana, daga nan na yi turus. Kakan babana mu dai "Na-Gwanja" muka tashi muka ji ana ce masa. Kakarmu ta zauna gida ɗaya da shi shekara da shekaru, amma surukinta ne, har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunansa na yanka ba. Abin da muka sani bafatake ne, yana zuwa Gwanja, can ƙasar Gana ta yanzu, sayen goro, ya zauna a wani ƙauye a ƙasar Bebeji, can aka binne shi. Wasu sun ce daga wajen Katsina ya zo, wasu sun ce daga gabas.

Wani abokin aikina ya ce Turawa sun rubuta komai a takardun gunduma, har sunayen masu biyan haraji. Da gaske ne? In haka ne ina takardun suke yanzu, kuma talaka irina zai iya shiga ya duba?

Bakano_Zalla: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baba. Kada ka wahalar da kanka, hau mota ka tafi Kaduna gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Bature ba ya wasa da rubutu, komai na can.

Malam_Samaru: Bakano, a sassauta "komai" ɗin nan, kada mu sa bawan Allah ya yi asarar kuɗin mota. Na yi watanni ina zirga-zirga a wurin lokacin da nake rubuta kundin digiri na biyu.

A Ibadan aka fara gidan a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. Na Kaduna shi ke riƙe da fayilolin tsohuwar Jihar Arewa, an jera su lardi-lardi: na Kano KanoProf, na Zariya ZarProf, na Sakkwato SokProf, sai na ofishin Sakataren Lardunan Arewa. Abin da abokin aikinka yake nufi rahoton ƙiyasin haraji ne. Di'o, wato Baturen mulki mai kula da gundumomi, zai fita rangadi ya sauka a gunduma, ya tara hakimi da dagatai da dattawa, ya ce a ba shi labarin wanda ya sari garin da waɗanda suka gaje shi. Sannan ya ƙirga maza, mata, yara, shanu, jakuna, rijiyoyi, har karofi da masaƙa da maƙera, don ya san nawa zai yanka wa ƙasar.

To ga inda gizo ke saƙar. Sunan da ke shiga rahoton na hakimi ne da dagaci da jerin iyayensu. In kakanku bai riƙe unguwa ba, bai yi rikicin gona da ya kai gaban alƙali ba, bai gudu da kuɗin haraji ba, yana cikin layin nan da aka rubuta "maza baligai kaza". Jerin masu biya gida-gida a hannun malamin haraji yake a ofishin hakimi, galibinsa bai taɓa ganin hanyar Kaduna ba.

Duk da haka ka je. Rahoton zai iya gaya maka su wane iri ne suka zauna a ƙauyen da inda suka ce sun fito. Ka leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Ka tafi da sunan gundumar da ƙauyenku yake ciki a wancan zamanin, ba ƙaramar hukumar yanzu ba, don an sha yanka iyakoki ana haɗawa. Kuma Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, Muhammadu ɗaya za ka gan shi Mamadu a wannan shafi, Momadu a wancan.

UwarGida_Fagge: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ɗan nan, babu sauran tsohuwa a danginku? Takardar Kaduna in ka je baɗi tana nan. Tsohuwa fa?

Jikan_NaGwanja: Hajiya, akwai gwaggona, yayar babanmu. Ta haura tamanin da biyar, tana ƙauye. Amma ita ma "Na-Gwanja" take cewa.

UwarGida_Fagge: Ai ba haka ake tambaya ba. Wataƙila ita ma ba ta taɓa jin an kira sunan a gabanta ba. Ka ce mata, a cikin yaran gidan wa aka yi wa takwara da shi? Duk gidan Bahaushe akwai yaron da uwarsa ba ta iya kiran sunansa, sai a ce Abba ko Baba ko Babangida. Sunan yankan yaron nan shi ne na tsohon. Ka tafi da goro da turare da ɗan sabulu, ka kwana biyu, ka bari sai bayan isha'i in gida ya yi shiru. Kada ka ɗora mata waya a baki kamar ɗan jarida. Kuma kada ka tambaye ta shekara. Ka ce, da ya rasu an yi miki aure ko da saura? Wane sarki ne a Kano?

Jikan_NaGwanja: Allah ya saka da alheri Hajiya, wallahi wannan bai taɓa faɗo mini ba. Sai dai ƙannen babana biyu ne masu irin wannan suna. Ɗaya Abba, sunansa Muhammadu. Ɗaya Baba Ƙarami, sunansa Isiyaku. Ɗaya na kakan wajen uba ne, ɗaya na wajen uwa, kuma duk sun rasu.

Bagobirin_SabonBirni: Ku Kanawa da son takarda! Mu asalinmu a fuska yake, shida nan bakwai nan, ko a tsakiyar kasuwar Kurmi ka gan ni ka san inda na fito. Tambayi gwaggo wace tsaga ce a fuskar tsohon, kuma ko irinta aka yi wa 'ya'yansa. In ta nuna maka da yatsa a kumatunta, ka zana ka kai wa tsohon wanzami. Wanzamin gado ya san askar gida-gida fiye da yadda Di'o ya san gunduma.

Malam_Samaru: Bari in ɗora a kan maganar Hajiya, don amsar tsohuwa sai da ma'auni. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Nasara sun ci Kano a Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar mura 1918. Sarki Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. In ta ce "zamanin Bayero, ina ɗaukar tallan fura", ka samu shekarun da za ka tsaya a tsakaninsu. Kuma zuwan jirgin nan shi ya karya fataucin jakuna zuwa Gwanja, don goro ya koma biyo teku zuwa Ikko sannan ya hau jirgi. Wanda ya samu laƙabin Na-Gwanja, da wuya a ce bai yi tafiyarsa kafin nan ba.

Ɗan_Jojiya: Ina biye da ku daga Amurka. Abokiyar aikina baƙar fata ce, ta kusa shekara goma tana irin wannan bincike. Nan kowace jiha an raba ta gunduma-gunduma, suna ce musu kawunti, Jojiya kaɗai tana da 159. Kowace da ginin kotunta a tsakiyar gari, nan ake ajiye rajistar aure, takardun cinikin fili, wasiyya da lissafin gadon mamaci. Na taɓa raka ta wani ƙaramin gari. Ma'aikaciyar ta buɗe mana ɗaki cike da manyan littattafai masu bangon fata, kowane sai da hannu biyu, ta ce mu duba ta koma kujerarta.

Kada ku ɗauka ta sha da daɗi. Ƙidayar 1870 ita ce ta farko da aka rubuta bayin da aka 'yanta da sunayensu. A ta 1850 da 1860 sunan ubangida kawai ake sawa, bawa sai shekarunsa da namiji ne ko mace. Ta 1890 gobara ta lalata mafi yawanta a 1921. Wasu gundumomin Kudu kotun ma ta ƙone da abin da ke ciki. Inda ta gano kakar kakarta takardar rabon gadon wani mai gonar auduga ce: an jera alfadarai, gadaje, tukwane, sai sunan wata yarinya, ba sunan uba, da kuɗinta da dala a gefe. Ta daɗe tana kallon layin nan. Na rasa abin da zan ce mata, na fita na jira ta a mota.

Suna da littattafan tarihin gunduma ma, musamman na ƙarshen ƙarni na 19. Amma da yawansu wanda ya biya kuɗi shi ake sa labarinsa, shi ya sa duk wanda ka buɗe mai gaskiya ne mai ƙoƙari.

Bakano_Zalla: Ka ji ƙasar da ta san darajar takarda. Mu ko rasit ɗin bara ka nema sai an sha wuya.

Malam_Samaru: Bakano, sake karanta labarin. Yarinyar ba don an san darajarta ta shiga littafi ba, don dukiya ce da za a raba. Namu ma haka, saniya tana da layi a littafin jangali, mai gida yana da layi a na haraji. Matar gidan da ta haifi kowa da kowa babu inda za ka gan ta.

Tsohon_Akawu: Bakano ya taɓo mini inda ke ciwo. Shekara ashirin da bakwai na yi ina akawu a wata ƙaramar hukuma, ba zan faɗi sunanta ba. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka kwashe littattafan En'e, wato tsohuwar hukumar gargajiya, aka zuba a wani sito bayan sakatariya. Da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, shi ke nan ba mai sake buɗe su. Kwanon siton ya yi tsatsa, damina ta shiga, gara ta ƙarasa. Na rubuta takarda sau biyu a gyara, ba a ko amsa ba. Wata safiya na sayi ƙosai a bakin tasha, ina buɗewa sai ga shafin jangali, sunayen Fulani da yawan shanunsu da rubutun alƙalami mai kyau, mai ya jiƙa rabinsa. Ban iya cin ƙosan nan ba.

Shawarata, ɗana, ka bar ofis ka nemi gida. Gidan dagacin ƙauyen da gidan tsohon malamin haraji ko malamin taki, masu auna gonaki da ƙafa a gundumomin kusa da birni. Irin waɗannan dattawa sukan bar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, 'ya'ya ba su san abin da ke ciki ba amma suna tsoron zubarwa. Ka gaya musu tun daga zaure ba maganar gona ta kawo ka ba, in ba haka ba ko ruwa ba za ka sha ba.

Abu_Sumayya: Allah ya taimake ka ɗan'uwa. Ina tuna mana abu biyu. Ya zo a hadisin Tirmizi cewa mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, don haka aikinka yana da asali. Amma a Sahihu Muslim an lissafa alfahari da asali da sukar nasabar wasu cikin al'amuran jahiliyya. Kuma akwai gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali ya sani. In ka iso inda sani ya ƙare ka tsaya, kada ka cike gurbi da abin da rai ke so.

'Yar_Zazzau: Allah gafarta Malam, ka faɗa musu dai. Ni duk littafin tarihin gari da aka ƙaddamar na je na saya, daga Yaman suka zo, ko Bagadaza, ko Misra. Ban taɓa jin wanda ya gama bincike ya ce kakanmu majemi ne daga ƙauyen gaba ba. To su waye suka yi noman da Sharifan nan suka ci? Ku Kanawa ma kun fi kowa, bayinmu.

Bakano_Zalla: Ji Bazazzagiya! Sai mun zo karɓar kuɗin shara za ki san waye bawan wani.

Malam_Samaru: Dariya a gefe, tana da gaskiya. Ƙananan littattafan nan na tarihin gari suna da amfani sosai wajen sunayen unguwanni, tsofaffin rijiyoyi da jerin limamai. Amma ka duba wa ya rubuta, ɗan wane gida ne, kuma ana rikicin sarauta a lokacin ko ba a yi. Rahoton Di'o ma haka, abin da hakimi ya ga dama aka faɗa ta bakin tafinta shi ya rubuta. Sau da yawa marubucin yau daga wannan rahoton ya kwafo, sai ka ɗauka shaidu biyu ka samu alhali mutum ɗaya ne.

Ɗan_Zongo_Kumasi: Salamu alaikum daga Gana. Da na ga sunan Na-Gwanja sai na yi murmushi, don mu nan a juye abin yake, kakanninmu Bakano, Bakatsine, Bazabarme ake ce musu. Mutum ba a kiransa da sunan garin da yake zaune. Wanda aka ce wa Na-Gwanja a Bebeji, ko dai can ya daɗe ko can ya yi arziki.

Babbar kasuwar Gwanja a da ita ce Salga. Da yaƙin 1892 ya watsa garin, fatake suka bazu Kete Krachi, Yeji, Kintampo, wasu daga baya Kumasi da Ankara babban birnin Gana. Malam Umaru Salga, haifaffen Kano ne, shi ma Krachi ya koma, can ya rasu a 1934. Ayari kan yi watanni a hanya, mutum ya yi shekara biyu bai koma gida ba, don haka kada ka yi mamaki in kana da dangi a nan. Mu ma nema muke. A 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi, ƙannen kakana biyu suka hau mota zuwa Najeriya, wasiƙa ɗaya aka samu daga Sakkwato, shiru har yau. Ka tambayi gwaggo sunan madugun ayarinsu ko maigidan da yake sauka wajensa. A zongo an fi tuna maigida da baƙonsa fiye da sunan uba.

Jikan_NaGwanja: Ikon Allah. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Malam_Samaru: Kuma tunda Bebeji ka ce, ka sa Agalawa a lissafi. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka riƙe fataucin goro. Alhassan Ɗantata Ba'agale ne, a Bebeji aka haife shi. Ban ce ku Agalawa ba ne, tambaya ce ta ƙara shiga jakarka.

Ba_Damagare: Masu cewa daga arewa ya zo kada a raina maganarsu. Iyakar nan Turawa suka ja ta, kuma zamanin Faransa mutane da yawa sun tsallaka Najeriya gudun harajin lanho da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Wajenmu a Nijar kwamandan, wato Baturen mulki na Faransa, kan rubuta tarihin kowane yanki da jerin sarakunan kanto, wato gunduma. Wasu takardun suna Yamai, wasu Dakar, wasu Faransa a garin Aix, kuma duk da Faransanci. Damagaram ce hedikwatar Nijar har 1926. Amma matsalar ɗaya ce da wadda Malam ya faɗa, sarki ke da suna.

Takari_Sinnar: Mu kuma ga mu a Sudan. Kakanninmu sun biyo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a bakin Kogin Nilu. Wasu kuma aikin hajji suka fito da ƙafa, guzuri ya ƙare suka tsaya noman auduga. Kakata har ta rasu tana cewa mu mutanen Haɗeja ne, ba ta san unguwa ba. In danginka sun ce wani ya tafi gabas bai dawo ba, ku neme mu.

Injiniya_KD: Duk wannan wahala ta mece ce? Ka yi gwajin DNA mana, tofa yawu kawai za ka yi.

Ɗan_Jojiya: Na yi, Injiniya. Sun ce mini kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali, kaza Kamaru. Dala ta tafi, an gaya wa Bahaushe shi ɗan Afirka ta Yamma ne. Ba ya ba da suna, sai dai ya haɗa ka da wani dangin da shi ma ya yi gwajin, kuma mutanenmu kaɗan ne a ciki.

Baƙon_Zaure: Na canza suna don in faɗi wannan. Kafin ka fara tono ka shirya wa abin da za ka tarar. Ni na yi irin naka. An raine mu a kan cewa kakan kakanmu malami ne da ya zo daga Barno. Na bi har na samu kwafin wata shari'a ta kotun alƙali, shekaru kaɗan bayan zuwan Turawa: ya biya murgu ya fanshi kansa, an ba shi takardar 'yanci, ga sunan ubangidansa, ga sunan rinjin, wato ƙauyen bayin da ya zauna. Gidan ubangidan har yau muna gaisawa, mun ɗauka zumuncin makwabtaka ne. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, ba nisa ba ne. Na nuna wa babban yayanmu, ya ce in ƙona, yana da 'ya'ya mata da ba a aurar ba. Ban ƙona ba, ban kuma nuna wa kowa ba. Shekara shida ke nan.

Bakano_Zalla: Gaskiya yayanka ya fi ka hangen nesa. Abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe. Tone-tone, kaza ta tono wuƙar yanka ta.

'Yar_Zazzau: A'a Bakano. Mutumin da ya yi noma ya tara kuɗi ya sayi kansa, shi ne abin ɓoyewa? Wa ya kamata ya ji kunya a labarin nan? Sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwaraƙwarai, wa ya isa ya goranta musu?

Bakano_Zalla: A intanet kowa jarumi ne. Bari a zo neman auren 'yarki a aiko tsofaffi binciken asali, sannan ki faɗi haka.

Abu_Sumayya: Mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, ayar tana cikin Suratul Hujurat kowa ya haddace ta. Baƙo, ba dole ne ka yi shela ba, amma kada ka koya wa 'ya'yanka labarin Barno bayan ka san ba haka ba ne.

Mai_Kula_Da_Zaure: Jama'a a yi hattara. Duk wanda ya kira sunan wani gida ko wata zuriya a kan wannan batu zan goge. A koma kan tambayar mai tambaya.

Jikan_NaGwanja: Salamu alaikum, ku yi haƙuri da shiruna, sati biyu ke nan. Na je ƙauye na kwana uku. Hajiya UwarGida, na bi maganarki tiryan-tiryan. Daren farko gwaggo ba ta ce komai ba sai tambayar yara. Dare na biyu tana ɓare goron da na kai, ta ce wannan ba goro ba ne, Na-Gwanja in ya buɗe huhu sai gida ya ɗauki ƙamshi. Daga nan bakin ya buɗe.

Baba Ƙarami ne takwaransa, ke nan sunansa Isiyaku. Ya rasu zamanin Bayero, tana yarinya ba a yi mata aure ba. Tsagarsa ta nuna mini, gajeru ne a gefen baki, amma ta ce ba irinta aka yi wa 'ya'yansa ba, na garin aka yi musu. Ta ce ba Bakatsine ba ne, a ƙasar Katsina dai ya yi ƙuruciya, iyayensa daga "can sama" suka gangaro. Na ce ina ne can sama, ta ce inda raƙuma suke.

Da na tambayi matarsa, wadda ta haifi kakana, sai ta yi shiru. Can ta ce da ita ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe, Hausarta ba ta fita sosai, kuma ba ta da kowa a nan. Ta ce, "Kai dai ka yi mata addu'a." Ban ƙara ba. Baƙon_Zaure, na tuna da kai a wannan daren.

Da zan taho ta sa aka ciro wata tsohuwar gafaka daga cikin tukunya. Alƙur'ani ne rubutun hannu, warwara, a ƙarshensa akwai ganye ɗaya daban mai layi bakwai ko takwas. Limamin garin ya karanta mini biyu, haihuwa ce aka rubuta, ɗaya ta ce "shekarar da Nasara suka shiga Kano". Sauran tawadar ta dushe, kuma akwai wasu haruffa a haɗe da ya ce ba kalma ba ce.

UwarGida_Fagge: Alhamdu lillahi! Ka ga abin da nake faɗa. Ka koma kafin azumi, kada ka ce sai ka samu hutu. Kuma ka tafi da matarka, akwai abin da ba za ta faɗa wa namiji ba.

Malam_Samaru: Haruffan nan kada ka raina su, da alama ramzi ne. Malamanmu kan rubuta shekara da haruffa, a lissafinsu shinun dubu ne, ra ɗari biyu, haka har ƙasa. Shigar Nasara Kano ta faɗo a ƙarshen 1320 ta Hijira, sai a gwada a gani ko sun yi daidai. Ka ɗaga ganyen a hasken rana, in ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya ta hamada ce. Don Allah kada ka kai a manne ta da leda mai zafi, kada ka sa mata gam. Ka ɗauki hoto da rana a inuwa, ka mayar inda ka same ta. Yanzu kana da suna da zamani, zuwa Kaduna ya yi ma'ana.

Bagobirin_SabonBirni: "Inda raƙuma suke" ai Azbin ke nan. Malam ya ce Agalawa kun yi shiru. Sannu Buzu, ina rawaninka?

Tsohon_Akawu: Isiyaku nawa ne a ƙasar Bebeji a zamanin Bayero? Sai ka samo sunan ubansa ko na gonarsa. Gonaki suna da suna, kuma dagaci ya san su.

Ɗan_Zongo_Kumasi: Ka tambaye ta maigidan da yake sauka wajensa? Kuma matar nan, ko gwaggo ta tuna wata kalma ɗaya da take yawan faɗa, ko waƙar raino, ko yadda take kiran gishiri ko ruwa? Turo mini ko da ba ta da ma'ana a kunnenka. Nan zongo muna da Dagomba da Gurunshi da Gwanjawa, zan bi su ɗaya-ɗaya in karanta musu.

Jikan_NaGwanja: Maigidan na manta ban tambaya ba, wallahi. Waƙar raino kuwa akwai wadda gwaggo ke yi wa jikoki, tun muna yara muke dariyarta don ba Hausa ba ce. Ranar Juma'a zan kira ɗan da ke kula da ita ya sa mata waya a kusa. Malam Samaru, hoton zan turo maka ta akwatin sirri, layi na huɗu ne ya fi dushewa.